Dutsen Taimamar Baba

Fatakwal

Tun kafin ladanin unguwarmu ya yi gyaran murya na riga na ci ɗamara. Na naɗe dutsen nan cikin tsohon zane, na saka shi a kwalla, na ce wa ƙanwata Asabe ta kula da Baba, ko da faɗa ne ta ɗura masa kunu. 'Yan shekaru kaɗan ke nan bayan samun mulkin kai, lokacin ina tuwon sayarwa a unguwar Hausawa ta Fatakwal. Mutanen gida kun dame ni da tambaya, wai me ya kai Dije yawo gari gari da dutse a ka, ko ta taɓu ne. To ga labarin, ku ji da kunnenku ku bar ni in huta.

Babanmu bafatake ne a zamaninsa. Yana saurayi ya bi ayari har Azbin, a wani fili can wajen Ingal ruwa ya yanke musu, ya tsinci wani dutse baƙi-baƙi ya yi taimama a kansa. Sai dutsen ya kwanta masa a rai, ya jefa shi a mangala. Da shi ya yi Kano, da shi ya yi Lakwaja, da shi ya gangaro har Fatakwal, inda yake cewa ƙasa ta ƙare masa, ba sauran inda ƙafa za ta taka sai ruwa. Siffarsa kamar ɗan ƙaramin turmi, sama da ƙasa a shafe, tsakiya a tsuke, ga nauyin tsiya. Da ɓarin jikin Baba ya shanye, sanyi kuma ya kama masa ƙirji har likita ya hana shi taɓa ruwa barkatai, sai dutsen ya koma gefen shimfiɗarsa. Shekara da shekaru a kansa yake buga hannu ya shafi fuska ya yi sallarsa daga kwance.

Sai ga Bitrus, maƙwabcinmu mutumin Kafanchan, wanda ke aiki da masu neman man fetur yana jera musu duwatsun da suka haƙo. Ya shigo gaida Baba, idonsa ya faɗa kan dutsen, ya ɗauka ya juya ya juya. Maimakon ya yi shiru ya sha ruwansa, sai cewa ya yi, "Kai! Baba, ai wannan ƙashi ne!"

Wayyo Bitrus, da bakinka ya ɗan yi nauyi ran nan! Shi bai san ba a taimama da ƙashi ba, sai da ƙasa ko abin da yake jinsinta, yashi ko dutse. Baba ya dubi dutsen. Can ya ce a ɗauke masa abin daga ɗaki, a kawo buta. Daga ranar ya shiga alwala da ruwa yana rama salloli, wai duk na shekarun nan a ƙashin mushe ya yi su. Tari ya dawo, zazzaɓi ya dawo. In na kawo tuwo sai ya ce in janye, lokaci yake ci masa. Tsohon nan ina kallo yana narkewa a gabana, tsoro ya kama ni ƙwarai. Na ce to ba zan zauna ba, zan kai dutsen wurin Malam Ilu na Anaca, abokin fataucin Baba, wanda shi kaɗai ne in ya yi magana Baba ba ya ja.

A mararrabar Rumuokoro na yi sallar asuba, na sami motar katako mai zuwa Anaca, wato Onitsha, ta hanyar Owerri. Kwandasta ya kai hannu zai jefa kwallata saman kaya, ya ji nauyi, ya saki ya riƙe ƙugu. "Madam, you wan kill person?" Na ce ya bar min abina, a cinya zan riƙe.

Hanyar Owerri

Aka jera mu a benci gwiwa da gwiwa, ni da matan Ibo masu manja da busasshen kifi. Hagu da dama ba abin da ido ke gani sai bishiyar kwakwar manja, ruwa kuma yana sauka yana ɗaukewa yadda ya ga dama. Wata ta kusa da ni ta ga yadda nake rungume da kwalla, in mota ta faɗa rami in ce "a hankali," sai ta miƙo min gasasshiyar ayaba ta ce in ba jaririn. Na buɗe mata gefen zane. Ta leƙa, ta dube ni, ta matsa can ƙarshen benci, ba ta ƙara ce min ƙala ba.

Gaba da Owerri 'yan sanda suka tsai da mu. Ɗaya ya zagayo yana taɓa kaya da kulki, ya zo kaina.

"Wetin dey inside?"

"Na stone."

"Stone? Stone no dey Onitsha?"

Mota ta kwashe da dariya. Ya sa na kwance, ya ɗaga, ya tambaya ko juju ne. Na haɗa ɗan Turancin kasuwa da nake da shi na ce na babana ne, da shi yake salla, ba shi da lafiya. Sai ga mutumin ya mayar da shi da hannu biyu, har da gyara zanen, ya ce Allah Ya ba Papa lafiya. Na ce amin, raina ya ɗan yi sanyi.

Anaca

Azahar ta gota muka shiga Anaca. Jama'a, kasuwa! Na ga kasuwanni amma wannan ta isa a yi mata shiru. Ga kogin Kwara shimfiɗe, jirgin fito yana kai da kawo da motoci a bayansa, ga kuma gadar da ake ta ginawa, ƙarafa tsaye cirko-cirko a tsakiyar ruwa. Na tsaya na saki baki har wani mai amalanke ya kusa kwashe min ƙafafu.

Gidan Malam Ilu yana nan bayan rumfunan masu wake da albasa. Na same shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam, barka da yamma."

"Wa nake gani kamar Dije? Ikon Allah! Yaya mutanen Fatakwal? Yaya jikin ɗan'uwana?"

Sai da muka gama gaisuwa tsaf, ya tambayi kowa har akuyarmu, sannan na ajiye masa dutsen na zayyana masa komai. Ya shafa shi yana murmushi, ya ce ai ya san shi, shi ma ya sha taimama a kansa a hanya. Yana faɗin haka sai murmushin ya ɗauke, ya tuna abin ya shafe shi. Nan take ya aika a kira Tanko, mahaucin da ke yanka a bakin kogi.

Tanko ya zo yana goge hannu, ya tsuguna, ya sa yatsa yana bin gefen dutsen. "Allah gafarta Malam, wannan gaɓar ƙashin baya ce, ko ta gindin wutsiya. Ga inda 'yar'uwarta ke zama, ga inda ta karye." Sai ya ɗaga kai, ido waje. "Amma wace dabba ce? Na yanka bijimi, na yanka raƙumi, na ga ƙashin dorina. Mai wannan gaɓar, wallahi, raƙumi ɗan maraƙi ne a gabansa!" Ya ciro wuƙa ya ƙwanƙwasa da bayanta, abin ya ce ƙal. Ya ce, "To kuma ƙashi ba ya wannan kukan."

Na ce, "Malam, ke nan sallolin Baba sun tafi?"

Ya ce, "Ke Dije, tun kina yarinya gaggawa ke gare ki. Ni ba na yanke hukunci a kan abin da ban san mene ne ba. Mun karanta cewa abin da ya faɗa ramin gishiri ya daɗe har ya rikiɗe ya zama gishiri, to hukuncin gishiri gare shi. Ki je wurin waɗanda duwatsu ne karatunsu. Ki tambaye su: yana ruɓewa? Yana cin wuta? Yana ƙauri? In har yanzu ƙashi ne, ki dawo ta nan mu san abin yi, ni da ubanki duka. In kuwa Allah Ya mai da shi dutse, kada ki ɓata lokaci, ki wuce gida ki ce masa in ji ni ya ajiye buta."

Dama Bitrus, da kunya ta ishe shi, ya gaya min in abin ya gagara in nemi ƙanwarsa Ladi a Inugu, ta kai ni wurin tsohon maigidansa mai binciken ƙasa. Na kwana a ɗakin matar Malam, ta yi min tuwon shinkafa da miyar kifi mai rai. Na ci don kada ta ji ba daɗi, amma hankalina yana kan tarin Baba.

Inugu

Da sassafe na kama wata motar. Muka wuce Awka, ƙasa ta fara tudu da gangare, ta koma ja jawur. Dab da Inugu hanya ta nannaɗe a jikin tsauni, rami a gefe ba a ganin ƙarshensa, direba kuwa yana ta waƙarsa. Kiristocin motar suna kiran Yesu, ni ina ta salati, ba wanda ya ce wa wani ya rage murya.

A Ogbete na sauka, wajen rumfunan mutanenmu masu shinkafa da kanwa. Tambaya biyu na yi aka nuna min gidan Ladi, mijinta ma'aikacin reluwe ne. Ta rungume ni kamar mun saba, ta ce, "Yaya, ai Bitrus tun yana yaro bakinsa ke ja mana magana." Ta ba ni okpa mai zafi, wani abu kamar alala da ake yi da gurjiya, muka ci a tsaye muka kama hanya.

Ofishin wani dogon ɗaki ne, kanta-kanta har rufi, ba komai a kai sai duwatsu. Na ce a raina, ashe akwai waɗanda suka fi Baba. Maigidan sunansa Mista Okeke, siriri mai tabarau. Ina shirin karya harshe da Turanci sai ji na yi ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya, ina gajiya?" Ashe a Jos aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ta Bakano.

Na kwance zane. Mutumin nan ya miƙe har kujera ta faɗi. Ya cire tabarau ya mayar. "A ina aka samo wannan?" Na ce Azbin. Ya tafa hannu ya yi tsalle kamar wanda aka yi wa albishir da ɗa namiji. "Ƙashi ne! Ƙashi ne, Hajiya! Na dainoso!"

Ni kuwa sai na zube a ƙasa na fashe da kuka.

Ya rikice, ya dubi Ladi, Ladi ta dube shi. Da ƙyar na iya yi masa bayanin taimama da buta da tarin Baba. Ya ɗauko kujerar da ya kayar ya zauna. Ya ce, "Ki yi haƙuri, murna ce ta kwashe ni. Me malamin ya ce ki tambaya?" Na faɗa masa ukun nan. Ya nemi izini ya kankari ɗan mitsitsi daga inda ya karye, ya kama da hantsaki, ya kunna wata fitila mai shuɗiyar wuta ya sa a ciki. Ya ce in matso da hancina. Na shaƙa, na ƙara shaƙa. Ni da na shekara ina babbaka ƙafar saniya, na san ƙaurin ƙashi ko daga barci aka tashe ni. Babu hayaƙi, babu ƙauri, abin ko gezau.

Ya ba ni gilashin ƙara girma na leƙa. Ga 'yan ramuka nan irin na cikin ƙashi, amma kowanne a cike tam da wani abu mai ƙyalli. Ya ce dabbar ta mutu a bakin ruwa, laka ta rufe ta, shekaru miliyoyi ruwa yana ratsawa yana ajiye ma'adinin ƙasa a ciki. Ɓargo da maiƙo da duk abin da ke ruɓewa sun tafi tuntuni. "Ba zan yi miki ƙarya ba, siffar ta ƙashi ce, asalinsa ma ƙashi ne. Amma abin da ke hannunki yau ba ya ruɓewa, ba ya ci da wuta. Mu nan cikin duwatsu muke lissafa shi."

Na yi guɗa! A ofishin gwamnati, wallahi, har masinja ya leƙo. Ladi tana ta ja min zane ina ƙarawa.

Da hankalina ya dawo sai son jin labari ya taso. Na ce wai mene ne dainoson nan. Ya buɗe wani hoto: dabba ce mai jiki kamar rumbu, ƙafafu huɗu, wuya zalalo, wutsiya har can, ɗan kai ƙarami. Dangin su kada ne, ganye take ci, ta yi zamaninta ta ƙare tun babu ɗan Adam a doron ƙasa. Ya ce Azbin ɗin da Baba ya rasa ruwan alwala, a wancan zamani koguna ne da kurmi. Ya ɗauko wani dutsen daga kanta mai siffar dodon koɗi, ya ce dabbar teku ce, amma nan kusa da Inugu aka haƙo ta, don teku ta taɓa shigowa ta kwanta a nan. Ya nuna min wani daga ramin kwal, ga hoton ganye a jikinsa ɓaro-ɓaro har da jijiyoyi. Ni dai sai "Allahu Akbar" nake.

Sai ya ce, "Saura babban. 'Yan'uwan dabbar babanki, masu dogon wuyan nan, an haƙo ƙasusuwansu a Amurka ta Kudu, can ƙetaren tekun da ke bayan Fatakwal. An haƙo a Indiya ma."

Na ce, "To ta yaya suka ƙetare? Iyo suka yi da wannan uban jiki?"

"Da ƙafa suka je."

"Haba Mista Okeke, da girmanka!"

Ya yi dariya. Ya ɗora takarda shara-shara a kan taswirar duniya, ya zana ƙasarmu ta Afirka, ya zana waccan, ya yanke da almakashi. Ya turo su a kan tebur a hankali. Jama'a, sai ga ƙusumbin waccan ya shige cikin lungun tamu ɗas, kamar ƙwaryar da ta fashe gyartai ya haɗa bakinta. Ya ce ba siffa kaɗai ba, duwatsun bakin nan da na bakin can iri ɗaya ne, jeri ɗaya. Akwai ma wata 'yar dabba mai kama da guza da ba ta iya doguwar teku ba, an sami ƙashinta a gefen nan da gefen can. Da ƙasa ɗaya ce, dabbobin suna bin ruwa da ciyawa suna tafiyarsu, suna hayayyafa suna ƙara gaba. Sannan ƙasar ta tsage, tana ja da baya kaɗan kaɗan, ruwa ya shiga tsakani, na can suka zauna can, na nan suka zauna nan.

Ya ce manyansu ba su gama gardama ba, wasu na cewa ƙasa ba ta motsi, wata doguwar gada ce ta ƙasa ta haɗa su ta nutse daga baya. Na tuna wahalar da na ga ana sha a kan gadar Anaca, kogi ɗaya tak, na ce ni dai ina bayan masu ƙwarya. Sai ya ɗora yatsa a daidai lungun da takardun suka haɗu. "Kin san ina ne nan? Nan kike tuƙa tuwonki."

Ya roƙe ni in bar musu dutsen su ajiye a kanta. Na ce ya yi haƙuri, mai shi yana jira, kuma yana da aiki. Ya auna shi ta kowane gefe, ya zana shi, ya naɗe min da kansa, ya ce in gaida Baba da jiki.

Komawa

Ban koma ta Anaca ba, tunda Malam ya ce kada in ɓata lokaci. Mijin Ladi ya sa ni a jirgin ƙasa washegari da safe. Umuahia, Aba, kowace tasha sai jirgin nan ya tsaya ya yi ta huci kamar ba shi da niyyar tashi, ni kuwa kamar in sauka in tura. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha labarin dainoso, ko yana jin Hausa ko ba ya ji.

La'asar ta yi na shiga gida. Tun daga ƙofa na jiyo tarin. Baba ya ƙara zubewa, idanu sun faɗa, Asabe na tsugune da buta tana hawaye, shi kuma ya miƙo hannu yana jira ta zuba. Na ce, "Asabe, dakata."

Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labari tun daga hanyar Owerri har fitila mai shuɗiyar wuta.

"Da hancinki kika shaƙa?"

"Da hancina, Baba."

"Ilu kuma da bakinsa ya faɗi haka?"

"Da bakinsa. Ya ce ka ajiye buta."

Ya janye hannun da ya miƙa wa buta. Na ɗauko wata tsohuwar ƙwarya da ta tsage, na ƙarasa raba ta biyu, na haɗa, na ja baya, na nuna masa yadda mai ƙashin da danginsa suka yi ta tafiya a ƙasa ɗaya kafin ruwa ya raba. Na ce, "Baba, nan da kake cewa ƙasa ta ƙare maka, da can hanya ce, ta wuce gaba." Bitrus yana raɓe a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Baba ya ce, "Shigo mana, ɗan nema. Ai gaskiya ka faɗa, rabinta ne dai."

Ya ce a miƙo dutsen. Na ajiye shi inda ya saba zama. Ya ɗora hannunsa mai lafiya, ni na ɗaga masa shanyayyen na ɗora, ya shafi fuska, ya shafi hannuwa. Ya yi la'asar, ita kaɗai, bai ƙara ko raka'a ta ramuwa ba. Da ya sallame ya ɗaga hannu ya gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, ya sa wa Malam Ilu albarka, da Tanko, da Ladi da mijinta, da Mista Okeke, har ɗan sandan hanyar Owerri da na ba shi labarinsa. Muna ta amin, ni ina kuka ina dariya.

Sannan ya dafa dutsen ya ɗan bubbuga shi, yadda yake yi wa kafaɗar abokansa. "Ashe kai ma bafatake ne. Ka riga ni fita, ka kwanta a Azbin kana jirana."

Ya juyo ya dube ni. "Dije, kin tsaya kallona. Babu tuwo ne a gidan nan?"